Hancin Hajja Batul

Abin da na zuba a tafiyar nan ba shi da wuyar ƙirgawa. Gonar da na gada a wajen garin Babban Mutum, wadda na sallama wa ɗan baffana. Sarƙar zinarina da 'yan kunnenta. Keken ɗinkin marigayi maigidana. Sai yara biyu da na bar wa Inna a Daura, ƙaramar ban daɗe da yaye ta ba. Abin da na je nema kuwa guda ɗaya ne: in shiga ɗakin da ake haɗa humra a wani gidan turare na Umdurman, a ƙasar Sudan, in ga yadda ake yi da idona, in dawo da shi a cikin kaina.

Ni dillaliya ce tun ina budurwa. Gida-gida nake shiga da ƙullin atamfa da kwanuka da turare, in karɓo a nan in kai can, in ci la'adata. Wata shekara aka ba ni kayan wata Hajiya da ta rasu in sayar, a ciki na tarar da rabin kwalbar humra, da sunan gidan da ya yi ta a jiki. Uwar wata amarya ta saya. Har shekara ta zagayo mata suna tare ni a gidan suna da gidan biki: "Indo, ba a ƙara samun irin waccan ba?" Na kawo humrar Kano, na kawo ta Maiduguri, su shinshina su ajiye. Sai na yi wa kaina lissafi. Mai ɗaukar kayan wani iyakarta la'ada. Wadda ta iya yin abin, ita ake bi har gida.

A Injamena aka fara yi mini wayo, kuma da Hausa aka yi. Ina tasha ina neman motar gabas, wani mai farar hula ya ji maganata ya dafe ƙirji, wai shi ma mahaifiyarsa 'yar Mai'adua ce. Ya lissafo mini kasuwar garin layi-layi. Na daɗe ban ji wanda ya kira sunan wajenmu ba, sai zuciyata ta narke. Ya karɓi kuɗin mota har Umdurman, ya ɗora ni a kan buhunan albasa, ya yi mini doguwar addu'a. A Abeshe, tun ba mu fita Chadi ba, direba ya sauke ƙullina ya kaɗa hannu, iyakar inda aka biya ke nan. Na zauna a bakin hanya ina juya hirarmu da mai farar hula. Abin da na tsinta shi ne, bai taɓa bari na kai ƙarshen tambaya ba. Kafin in rufe baki ya amsa. Mai gaskiya yakan ɗan tsaya ya yi tunani.

Wata mai shayi ce ta ɗauke ni, a gindin bishiyar gaban tashar. Sunanta Halime. Ba ta jin Hausa, ni kuma Larabcina na Islamiyya ne, wanda ba ya sayen ko gishiri a kasuwa. Ta dube ni, ta dubi ƙullina, ta turo mini kujera da ƙafa. Na zauna wurinta ina wanke kofuna har na haɗa abin mota. A gindin bishiyar nan na fara sanin cewa rabin magana ba a cikin kalmomi take ba. Na gane direban da ke son Halime, don shi kaɗai muryarsa ke ƙanƙancewa in ya zo kusa da murhu. Ranar da zan wuce ta zaunar da ni ta yi mini kitso, ta yafa mini tsohuwar laffayarta. Ta yi ta magana a kaina tana kitson. Har yau ban san abin da ta ce ba, amma na san nasiha ce.

Daga can zuwa gabas kamar a mafarki na yi tafiyar. Ƙasar ta ƙi zama baƙuwa: ga gero, ga kuka, ga jakuna da mangala. In rana ta take kaina ya yi nauyi a saman kaya, sai in ga kamar kwanar gaba ce za ta fito da mu ƙofar Daura. Mota ta karya kwana, sai wani fili. A wani ƙauye da muka tsaya gyaran taya, wani tsoho ya ji ina korar akuya da Hausa, ya taso da sandarsa. Hausarsa irin ta kakanni ce, mai nauyi. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Daura da ƙafa zai je Makka, ya tsaya noma a nan don ya sami guzuri, damina ta bi damina.

"'Yata," ya ce, "rijiyar nan ta Kusugu, har yanzu da ruwa?"

"Da ruwa, Baba."

"To madalla." Ya koma ya zauna kamar wanda aka sauke wa kaya. Shi bai taɓa ganinta ba.

Na hau mota da tsoro guda, kada ni ma in zama wadda ta tsaya a hanya.

Gidan turaren kashi uku ne. A gaba ofis, mai ƙofar gilashi da na'urar sanyi. Nan Ustaz Mamun yake, ɗan marigayiyar da ta kafa gidan, tare da Salwa, mai kula da masu saye. A tsakiya doguwar rumfa, inda mata ke dakan sandal da kanumfari da wata ƙwaya mai ƙamshi da ake kira mahalab, suna wankin farce, abin nan mai kama da ƙumba da ake samowa daga teku don ya riƙe ƙamshi. A ƙurya kuma ɗaki mai koriyar ƙofa. Wannan na Hajja Batul ne, tsohuwar da ta yi aiki da marigayiyar tun suna 'yan mata. Duk abin da aka daka ɗakin nan yake shiga, ya fito humra. Ba mai shiga sai ita.

Aka ba ni taɓarya. Da suka ga ba na jin magana sosai, aka ƙara mini kai gahawa ofis da bakin ƙofar Hajja, don kowa ya fi sakin baki a gaban wanda ba ya ji.

Taɓarya ce ta fara gaya mini halin gidan. Uku-uku muke daka a turmi ɗaya, kamar luguden gida, kuma duk wadda ta tashi tana lugude ta san mata ukun da ke shiri taɓarensu ba sa karo. A nan kuwa akwai turmin da ke tafiya kamar kiɗa, akwai wanda kullum sai an ji ƙwas. Da na bi sawu sai na gane matan kashi biyu ne, masu kallon ƙofar gilashi da masu kallon koriyar ƙofa. Ustaz yana son kawo injin niƙa da man turare na kwalba daga waje. Hajja ta ce sai bayan ranta. Kowace mace ta zaɓi inda take ganin abincinta zai tsira, kowace kuma tana kai rahoton 'yar'uwarta.

Ni ban zaɓa ba. In an ajiye tiren wake da burodi na kalacin hantsi, a tsakiya nake zama in ci da kowa. Larabcinsu ya riƙa shigo mini kamar wayewar gari: da fari inuwa, sannan bango, sannan fuskar mutum. Ban taɓa cewa ba na ji ba. Ba wanda ya tambaye ni ne.

Da bakina ya ɗan buɗe na tari Hajja Batul, na ce daga Daura na taso don ɗakin nan. Ta dube ni daga sama har ƙasa. Fallata suke kiran irinmu, mutanen yamma.

"Fallatiya, kin san shekarun da na yi ina daka kafin a bar ni in taɓa ƙofar nan?"

"Ban sani ba, Hajja."

"Ni ma na manta. Koma turminki."

Na koma. Da azahar in zafi ya kai, kowa yakan nemi gadon igiya a ƙarƙashin rumfa. Garin sandal yana cikin gashina, yana cikin haƙorana, hayaƙin ɗakin Hajja yana fitowa ta ƙasan ƙofa yana bin ƙasa kamar mage. A irin barcin nan nakan ga kogin Nilu ya ratso ta tsakiyar kasuwar Daura, 'yan acaɓa suna bakinsa suna jiran fasinja, yarana suna cikin kwale-kwale a wancan ƙetare, ba sa kuka, kallona kawai suke. In na farka a cikin duk ƙamshin duniyar nan, abin da nake marmari shi ne warin daddawa.

A ofis kuwa ina zuba gahawa ina tsintar abin da ke faɗowa. Ustaz in ya fara zancen inji muryarsa takan yi sama, har da buga tebur. Amma da ya kai sunan Hajja Batul sai ya sauko, ya gyara kofinsa, ya ce, "Ta gaji, baiwar Allah." Bai taɓa cewa a sallame ta ba. Salwa ce ke faɗin haka, kullum. Sai dai ita ma da abin dubawa a ƙorafinta. Wani in zai kushe kaya, cewa yake ba su yi kyau ba. Salwa kuwa sai ta ce, "An gaggauta sandal ɗin nan, bai sha hayaƙi ba, mahalab ya hau kansa." Mai ƙin abu ba ya saninsa haka.

Sai wata mura mai zazzaɓi ta ratsa garin, ta kwantar da rabin rumfar. Hajja Batul ta fi kowa daɗewa. Ta dawo a rame, amma bakin yana nan. Abu ɗaya ne ya canza. Da, in an kawo mata abu, umarni take bayarwa: ƙara, rage, zubar. Yanzu sai ta kai hanci, ta miƙa wa ta kusa da ita, ta ce, "Ke, me kika ji? Faɗi in ga ko kina da kai." Matan suka ɗauka sabuwar mugunta ce, jarrabawa take musu. Ni kuwa abin da na ji shi ne ɗan shirun da ke biyo bayan tambayar. Mai jarrabawa ba ya jira haka. Wannan jiran na mai buƙatar amsar ne.

Ran nan aka kawo mata farcen da bai wanku ba, ƙarninsa har rumfa. Ta juya shi da yatsa, ta ce a shiga da shi. Na sunkuyar da kai a turmi. Hancin Hajja Batul ya mutu, gidan nan kuwa gaba ɗaya a kan hancin nan yake tsaye.

Ba a jima ba dangin wata amarya suka dawo da humra, wai tana ƙauri. Salwa ta tsare ni a ofis, ta rufe ƙofa, har da turo mini kujera.

"Asha," ta ce, haka suke kiran sunana na yanka, "na san kina ji fiye da yadda kike nunawa. Akwai abin da ke damun tsohuwar nan. Ki gaya wa Ustaz abin da kika gani, ni kuma ranar da ta fita, da hannuna zan buɗe miki koriyar ƙofa."

"In shiga in tarar da wa, Ustaza? Kwalabe ba sa koyarwa."

Ta yi dariyar yaƙe. "Ki dai yi tunani. Izinin zamanki ba na har abada ba ne."

Tunanin bai ɗauke ni lokaci ba, lissafin kasuwa ne. Abin da na zo nema ba a ɗakin yake ba, a kan tsohuwar yake. In ta fita, ya fita. Amma in na je na ce mata na san sirrinta, a ranar za ta sa a kore ni.

Akwai aikin da take yi a bakin ƙofarta. A kwaɓa garin da aka daka, a shafe cikin tukunya da shi, a kife tukunyar a kan hayaƙin itace mai ƙamshi. Ido ba ya gane lokacin da hayaƙi ya isa, sai hanci. In an gaza, humra ba ta kama jiki. In an zarce, ƙauri. Wata rana na kawo garwashi, na ga ta ɗaga tukunya ta kai fuska, ta tsaya. Babu kowa kusa da za ta yi wa jarrabawa. Na durƙusa ina gyara wuta, na yi ƙasa da murya.

"Hajja, ki koya mini. Wannan ɗan zaƙi-zaƙin da ya fara fitowa, kamar dabino a rana, shi ne alamar ya isa? Ni a jahilcina ji nake in an ƙara zai yi ɗaci."

Ta dube ni. Na ci gaba da tura garwashi.

"Shi ne," ta ce. "Ashe Fallata ma suna da hanci." Ta sauke tukunyar.

Washegari ina tsakar daka ta leƙo. "Ke, Fallatiya. Ajiye taɓaryar nan, ɗauko kasko ki biyo ni. Bayana ya gaji da sunkuyo."

Ɗakin ƙarami ne, taga ɗaya a sama, haske yana saukowa ta cikin hayaƙi kamar zare. Manyan kwalabe jere a ƙasa, wasu an rufe su tun marigayiyar tana da rai, humra tana kwance a ciki baƙa ƙirin tana tsufa. A ɗakin nan lokaci ba ya tafiya irin ta waje. Nakan shiga da hantsi, in ji kamar yanzu na zauna, sai kiran la'asar. Wani ƙamshin ya kai ni ɗakin kakata, wani ya kai ni wurin da ban taɓa zuwa ba amma na san shi.

Ba mu taɓa faɗin abin da muka sani ba. Kullum ni ce mai tambaya, ita ce mai tabbatarwa. "Hajja, kamar miskin ya yi ƙasa, ko kuskurena ne?" "Ya yi ƙasa mana, sai yanzu kika ji? Ƙara." Da tafin hannu take awo, ni kuma ina kallon hannun ina haddacewa. Ta koya mini suyar farce a cikin yashi, da abin da ake fara zubawa, da wanda sai ya kwana. Ta zage ni da duk zagin da ke Larabcin Sudan, ta kuma riƙa kawo mini miyar kuɓewa daga gidanta, don ta ji na ce irin tamu ce. Kaya suka daina dawowa. Salwa ta daina amsa gaisuwata.

Azumi ya zo ya wuce, layya ta wuce. Na wayi gari na san abin da na zo nema ya zauna a kaina. A lokacin ne Inna ta kira, muryarta can ƙasa.

"Indo, ba ƙorafi nake ba. Amma gwiwata ta ƙi, yaran nan kuma sun fi ƙarfin tsawata. In kin samo abin, ki taho. In ba ki samo ba ma, ki taho."

Inna ba ta taɓa roƙona komai ba. Na gaya wa Hajja zan koma gida. Ta ci gaba da juya kwaɓin da ke gabanta.

"Allah ya kiyaye hanya," ta ce. "Kafin ki kai iyaka sun fitar da ni da tabarmata."

Nan na ga inda dabarata ta kai ni. Na sami ɗakin, ɗakin kuma ya riƙe ni. In na tafi haka, na bar wadda ta ba ni komai a hannun masu jiran ta faɗi. Sai na koma sana'ata ta asali. Ga mai kaya ba hanci, ga mai hanci ba kaya. Dillanci bai wuce haka ba.

Na fara da Hajja. Na ce akwai wadda ta fi ni hanci a gidan nan, kuma ita ba ta da Daurar da za ta koma. Da ta gane wa nake nufi, ta ajiye muciya.

"Waccan? Mai takalmi mai tsini? In buɗe mata cikina ta kwashe ta kai rumfa, 'yan daka su riƙa dariya ina wucewa? Kada ki ƙara."

A kasuwa na sha jin "albarka" iri-iri. Akwai ta wanda ba zai sayar ba, akwai ta wanda tayin ne bai kai ba. Hajja ba ta ce Salwa ba za ta iya ba. Ba ta ce gara a rufe ɗakin ba. Dariya ta ambata. Na ɗauka farashinta ke nan, mutuncinta a gaban rumfa. Ban koma neman izininta ba, don na san bakinta ba zai taɓa bayarwa ba.

Na sami Salwa ita kaɗai, Ustaz ya tafi masallaci. Na ajiye gahawa, na ajiye wata 'yar kwalba da na haɗa da kuskure da gangan.

"Ustaza, akwai abin da bai zauna ba a nan. Ko za ki duba?"

Ta so ta share ni, amma hannunta ya riga ta. Ta ɗiga a bayan hannu, ta lumshe ido. Fuskar nan mai tsauri ta saki, ta koma ta yarinya.

"Farcen bai soyu ba. Kuma an sa kanumfari kafin sandal ya kwanta." Ta buɗe ido ta ga ina kallonta. "Mene ne?"

"Tun yaushe kike son ɗakin can?"

Ta ajiye kwalbar. Sannan ta faɗa, tana kallon bango. Ita ma a rumfa ta fara, tana 'yar budurwa. Ta roƙi Hajja, Hajja ta ce mata a gaban kowa hannunta na biro ne, ta tafi wurin masu shan sanyi.

"Abin da kike zargi," na ce, "ba zan ce miki e ba, ba zan ce a'a ba. Amma ki duba. In ya fito fili, Ustaz ba shi da zaɓi, zai rufe ɗakin ya kawo man kwalba, ke kuma ki tsufa a kujerar nan kina sayar da abin da kike rainawa. In bai fito ba, ni tafiya zan yi, wurina zai zama ba kowa."

"Ba za ta karɓe ni ba."

"Za ta karɓa, in kin biya."

"Nawa?" Har da murmushin raini.

"Ki zo ta tsakar gida lokacin kalaci, kowa yana nan. Ki cire takalmin nan. Ki kawo gahawa da hannunki, ki roƙe ta ta koya miki. Za ta kore ki. Ki koma. In kin shiga kuma, ke ce mai tambaya har abada, ita ce mai sani."

"Ke muguwar 'yar kasuwa ce, Asha."

"Dillaliya dai, Ustaza."

Ta zo. Hajja ko kallonta ba ta yi ba, ta bar ta tsaye da tire har gahawa ta huce, mata suna ƙunshe dariya a laffaya. Salwa ta koma ofis ba takalmi, wuyanta a miƙe. Na ce a raina ciniki ya watse. Washegari sai ga ta. Hajja ta karɓi kofin, ta kurɓa, ta ce citta ta yi yawa, mai hannun biro ko gahawa ba ta iya ba. Da ta sake dawowa, tsohuwar ta tashi ta shige ɗaki, ta bar ƙofar a buɗe. Ustaz yana tsaye bayan gilashi, na ga ya juya baya yana share fuska. Zancen man kwalba daga nan ya mutu. Injin niƙa kaɗai Ustaz ya kawo, wanda gaskiya ya hutar da kafaɗun mata.

Da la'asar Salwa ta fita alwala, Hajja ta juyo kaina.

"Kin sayar da ni, Fallatiya."

"Na sayar, Hajja. Amma da daraja."

"Wa ya ba ki ni ki sayar? Na ce miki kada ki ƙara. Da Larabci na faɗa, ko ba ki ji ba?"

"Na ji, Hajja. Na ji har abin da ke ƙarƙashinsa."

"Abin da ke ƙarƙashinsa nawa ne. Ban ba ki ba."

Daga ranar ba ta ƙara yi mini magana ba sai ta aiki. Ranar tafiyata matan rumfa suka rako ni bakin titi, Ustaz ya sa aka yanka mini tikitin jirgi zuwa Kano, Salwa ta cika mini jaka da sandal da farce. Koriyar ƙofa tana rufe. Na tsaya a bakinta na yi sallama, na ce na tafi, a yafe mini. Ina jin motsin muciya a ciki. Bai tsaya ba.

Yanzu ga lissafi. Ina da shago a Daura, ina da ɗakin haɗi a bayan gidana, mata suna zuwa daga Katsina da Damagaram, amaren da ban san iyayensu ba suna tarewa da ƙamshina. Na tarar da Inna da ranta, na yi jinyarta da hannuna. Hajja Batul ta riƙe ɗakinta, ba wadda ta taɓa yi mata dariya a rumfar nan, har lokacin da ƙasarsu ta rikice kowa ya watse. Salwa ce ta fita da ita, suna tare har yanzu. Takan kira ni da Sallah. Kowane kira sai na ce ta ba ni Hajja, kowane kira kuma ina jin muryar tsohuwar sarai daga gefe: "Ce mata na fita."

Wannan ita ce asarar, kuma ba ƙarama ba ce. Dillali ya saba. In ciniki ya faɗa, mai saye ya tafi da kaya, mai sayarwa ya tafi da nasa, sau da yawa kuma ɗayansu yana ganin an kware shi. Na sha ɗaukar wannan in kwana lafiya. Wannan karon dai, wadda take ganin an kware ta ita ce na fi so a duk tafiyar.